Shekarar da Muka Yi wa Faranti Rumfa

Ranar Litinin da ta wuce hadari ya haɗu a gabas har ya rufe rana. Iska ta ɗaga ledoji sama, mata suka kwashe shanya da gudu, sannan ya watse ko ɗigo bai bari ba. Ina zaune a zaure ina kallon wannan wasa sai wayata ta yi ƙara. Kamfanin da ya jawo wayar intanet zuwa layinmu ne, yana sanar da ni cewa daga wata mai kamawa kuɗin wata ya ƙaru, wai domin su ƙara kyautata mana. Na yi shekara talatin da biyar ina koyar da Turanci, na san jimlar da aka rubuta don a faɗi abu, na kuma san wadda aka rubuta don a rufe baki. Ban yi fushi ba. Da wa zan yi? A layinmu na Tudun Wadar Zariya wayarsu kaɗai ta iso. Sauran kamfanonin sai ka hau katanga ka ɗaga hannu kamar mai rantsuwa kafin sabis ya leƙo ka.

Hadarin da ya yi ƙarya da saƙon da ya biyo bayansa su suka mayar da ni wata damina, yau shekara ashirin ke nan ko kusa da haka.

A waccan shekarar ruwan farko ya sauka da wuri, ya sauka da kyau, kowa ya yarda da shi. Muna da 'yar gona a wajen Dutsen Abba, wadda matata Rabi ta gada daga mahaifinta. Muka shuka masara. Tsiro ya fito kore shar, har na fara yi wa abokan aikina alkawarin gasasshiya. Daga nan sama ta rufe bakinta. Sati uku ba ko yayyafi. Ganyen ya naɗe, ya yi fari, ya kwanta. Da aka ɗan yi wani yayyafi muka sake shuka, wannan karon ko fitowa bai yi ba, ƙasa ce ta dafa irin a ciki.

Zafin lokacin ba ya faɗuwa da baki. Da hantsi za ka ji kwanon rufi yana ƙas-ƙas kamar ana taka shi. Kwalta ta yi laushi, takalmi na barin shaida a kanta. Alli na narkewa a tsakanin yatsuna, ɗalibai na gyangyaɗi tun darasi na biyu, ni kuwa ban iya tsawata musu ba don ni ma da ƙyar nake tsaye. Rijiyar gidanmu, wadda ba ta taɓa ba mu kunya ba, ta koma ba da rabin guga, rabin nan ma laka. Sai a zuba a randa a jira ta kwanta. 'Yan garuwa suka zama manya, ka gaishe su da kyau kafin su dube ka.

Gidanmu ya koma tafiya a kan tsari ɗaya. Da asuba ni ke jan ruwa, don a lokacin ne rijiya ta ɗan tara. Rabi ta dama koko ba sukari, yara su sha su tafi makaranta. Da rana kwaɗon zogale ne ko rama, da ƙuli kaɗan don a ce an sa. Tuwo sau ɗaya, da yamma, kuma da gwangwanin madara take auna garin. A ɗaki kuwa, a bayan gado, akwai ƙullin iri na ƙarshe, wanda ta ɗaure da tsohon zane. Yara sun san ko kusa da shi ba a wasa.

Ana cikin wannan sai ga takarda daga wurin aikinta. Rabi ta yi shekara goma sha biyu tana taimaka wa unguwarzoma a wani ƙaramin asibiti. Yaran da ta karɓi haihuwarsu a unguwar nan sun isa su cika aji huɗu. Amma takardar ta ce duk ma'aikacin da ba shi da kiredit a Turanci, ya kawo kafin ƙarshen shekara ko ya ajiye aiki. Ita kuwa duk sauran darussan ta ci tun tana budurwa, Turanci kaɗai ya ƙi ta. Malamin Turanci wanda matarsa ba ta da kiredit a Turanci abin dariya ne, kuma unguwa ba ta yi rowar dariyar ba. Mu dai ba dariya a gare mu. Albashina a lokacin yana zuwa ne idan ya ga dama, nata ne ke riƙe da tukunya. Jarrabawa ɗaya ta rage a shekarar, ta masu zaman kansu, wadda ake yi bayan kaka. In ta kuɓuce, aikin ya tafi.

Na fara koyar da ita bayan la'asar a tsakar gida. Koyar da matarka ba kamar koyar da aji ba ne. A aji idan ka ja jan biro yaro ya sunkuyar da kai. A gida idan ka ja jan biro miya ta zo ba gishiri.

"Malam," in ji ta wata rana, "ni fa na karanta labarin nan na gane shi sarai. Mutum ya yi tafiya, ya sha wahala, ya dawo. To, me ya sa sai na sake faɗa musu a jimla biyar? Su ba su karanta ba ne?"

Na ce, "Sun karanta. So suke su ga ko ke kin karanta."

"Marasa yarda da mutane," ta ce, ta ɗauki biro.

Karatun ya yi ta tafiya. Rajista ce ta tsaya mana a wuya. A shekarar ne hukumar jarrabawar ta ce babu sauran fom na takarda. Ka sayi kati a banki, ka kankare lamba, ka je intanet ka cike komai, har da hotonka. A duk Tudun Wada kuwa wuri ɗaya ke da intanet, shagon Emeka. Emeka haifaffen Sabon Gari ne, Hausarsa ta fi ta wasu ɗalibaina tsabta. Kwamfuta shida gare shi, da fanka biyu, da janareta mai tari. A bayan shagon, a kan dandamalin siminti, ya kafa wani farin faranti wanda ya fi ƙofar zaure faɗi, ya ɗaga fuska sama kamar mai sauraron wani.

Ranar da na fara zuwa sai da na zagaya baya na tsaya a gabansa. Emeka ya bi ni yana bayani. Ya ce duk abin da ka buga, farantin nan zai harba shi sama zuwa wani tauraro da mutane suka ƙera suka rataye a can, shi kuma ya jefa shi wata ƙasa bayan teku, amsa ta biyo hanyar ta dawo. Na san wannan a littafi, na ma taɓa ba da shi a matsayin darasin fahimta. Amma sanin abu a shafi daban, tsayawa a gabansa daban. Na ɗaga kai na dubi inda yake duba. Ba komai sai farar sama mai ƙuna, wadda ta hana mu ruwa wata biyu. Ashe a cikinta akwai hanya, mutane na ta kai da kawowa, mu muna ƙasa muna jan laka.

Sai da na tambayi farashi na dawo ƙasa. Awa ɗaya kuɗin tiya biyu ta masara, a shekarar da masara ta zama abin da ake kallo a kasuwa.

Na ce, "Emeka, watan jiya an ce mini rabin haka ne."

"Ticha, ni ɗan aike ne," in ji shi. "Tikitin nan daga Legas yake zuwa da lambarsa. Agogon da ke cin lokacinka ma a can yake, ba a shagona ba. Kamfani ɗaya ke sayar mana, ni da mai shagon unguwar Kongo, da na Sabon Gari. Da suka ga rajista ta zo sai suka ninka. Sun fi hedimasta sanin ranakun jarrabawa."

"Ka bar su mana."

"In koma wa wa? Sama ɗaya ce, Ticha, kuma su ke riƙe da makulli."

Muka sayi awa ɗaya. Rabi ta zauna a gefe da hotonta, Emeka na bugawa. Kowane shafi sai ya yi tunani kafin ya buɗe. Suna, ranar haihuwa, darussa, duk suka shiga. Aka zo hoto. Wani shuɗin layi ya fara rarrafe daga hagu zuwa dama, muka zuba masa ido mu uku. Ya wuce rabi, ya kusa baki, sai allo ya yi fari. Awa ta cika. Komai ya goge, sai an sake daga farko.

Emeka ya ce sai mun sayi awa biyu a haɗe. A hanyar gida na yi ƙarfin hali na ambaci ƙullin da ke bayan gado. Rabi ko juyowa ba ta yi ba.

"Ba a taɓa iri, Malam."

Washegari na ɗauki ƙamus ɗina mai juzu'i biyu, wanda aka ba ni kyauta ranar da na gama kwaleji, na kai shi Kongo, wajen 'yan jami'a. Wani ɗalibin shari'a ya saya, yana ta shafa bangon. Na ce masa ya kula da juzu'i na biyu, ɗinkinsa ya fara saki. Kalmomin Turanci kaf, daga ta farko har ta ƙarshe, awa biyu suka saya.

Saboda cunkoso Emeka ya fara raba lokaci. Namu ya faɗo ranar Alhamis bayan la'asar, kuma ranar ce ta ƙarshe, ƙarfe shida za a rufe rajista. Da ya miƙo mini tikitin sai ya ce, "Ku dai yi addu'a kada a yi ruwa ranar."

Na dubi hagu da dama. "Emeka, ka san garin da kake kuwa? Rage murya."

Ya rage. Ya ce ranar da aka yi ruwan farkon nan wuni guda farantin bai ji komai ba. In dai ruwa na zuba, hanya ta toshe. Agogon Legas kuwa bai san ana ruwa a Zariya ba, ci kawai yake yi.

Ranar Juma'a liman ya sanar cewa za a yi azumi uku daga Litinin, ranar Alhamis da safe a fita roƙon ruwa.

Na yi azumin watan Ramadan a cikin bazara ba sau ɗaya ba, amma ban taɓa jin ƙishi irin na kwana ukun nan ba. Harshe ya zama kamar guntun fata a baki. Da azahar garin ya yi tsit, ko awaki sun daina kuka. Ana shan ruwa da abin da ya samu, sau da yawa ruwan randa ne da 'yar fura. Maƙwabta suka riƙa miƙa wa juna kwano ta kan katanga, kowa na ba da abin da shi ma bai ishe shi ba. Rabi ta yi azuminta, ta je aikinta, ta dawo ta zauna a kan jimlolinta biyar.

Ranar Alhamis muka fita fili bayan hantsi, cikin tsofaffin kaya, ba turare, ba ado. Tsofaffi da sanduna, mata a baya, har da masu jan tumaki. Liman ya yi raka'a biyu, ya yi huɗuba gajera, sannan ya juya mayafinsa, na dama ya koma hagu. Mu ma muka juya rigunanmu, ɗinki a waje, aljihu na reto. Dubban mutane, alƙali da ɗan dako, kowa da riga a birkice, hannuwa a sama.

A nan zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa liman ba. Na roƙi ruwa da gaske. Amma a ƙarshen addu'ata na ɗan saka sharaɗi, a hankali, yadda ake sa ƙaramin rubutu a ƙasan takarda. Na ce, ya Ubangiji, in da hali, bayan ƙarfe shida. Ina rufe baki sai na ji tsohon da ke gefena yana kuka, kuka na sosai, gemunsa na rawa, yana cewa, "Ko don dabbobi, ya Allah, ko don dabbobi." Kunya ta rufe ni, amma ban janye sharaɗin ba.

Da la'asar muka isa shagon. Cike yake da masu riƙe da tikiti, har waje. Muka zauna, Emeka ya shigar da lamba, agogo ya fara ci a kusurwar allo. Shafukan ranar sun fi na farko nawa, don duk ƙasar ta taru a ƙofa ɗaya. Awa ɗaya da kwata ta tafi kafin mu iso hoto. Shuɗin layi ya fara rarrafe.

Sai haske ya canza a ɗakin. Na waiwaya ta taga. Gabas ta yi baƙi ƙirin tun daga ƙasa har tsakiyar sama, baƙin da ban taɓa ganin irinsa ba, gefensa na walƙiya ba sauti. Iska mai sanyi ta shigo ta kwashe takardun Emeka. Sannan ƙamshin nan ya iso, na ƙasa mai jiran ruwa. Ɗigo ɗaya ya bugi kwano kamar an jefa tsakuwa. Na biyu. Daga nan ba a ƙara jin maganar kowa ba.

Titi ya ɗauki kabbara. Mata na guɗa a cikin gidaje, ana fito da bahuna da tukwane da duk abin da ke da ciki. Da safe aka roƙa, da yamma aka bayar, a gaban idona. Na juyo ga allo. Layin ya tsaya cak a tsakiya. Agogo kuwa na nan na tafiya, saura minti talatin da takwas.

"Emeka, akwai wani tikitin?"

"Na yau sun ƙare tun jiya, Ticha. Kowa ga nasa a hannu."

Maƙwabcin shagon, Alhaji Sule, mai ba da hayar kujeru da rumfunan biki, ya shigo yana tsiyayar ruwa. Ya tambayi abin da ya faru, aka gaya masa ruwa ya hana faranti ji.

"To, ai jiƙewa ya yi," in ji shi. "Ku kuna zaune kuna kallo? Ku taso!"

Kafin a ce wani abu ya jawo babban tamfol ɗinsa na ɗaurin aure. Na bi shi ina bayani. Na ce, Alhaji, ba jiƙewar farantin ba ce, ruwan da ke cikin gajimare ne, can sama, nisan mil da yawa, shi ke tare hanya. Na fara kawo misali.

"Malam Ticha," ya daka mini tsawa cikin ruwa, "darasi gobe. Kama nan!"

Na kama. Mu takwas muka ɗaga tamfol a kan farantin, hannuwa a miƙe sama, karo na biyu a rana ɗaya. Akwai tela, akwai wani ma'aikacin banki da taye a wuya, akwai masu tikitin da lokacinsu ke bayan namu, waɗanda su ma tasu rajistar na cikin ruwa. Emeka na ta ihu daga ƙofa, "Kada ku taɓa shi! In ya goce ko da yatsa ɗaya, sai an kira mutum daga Kaduna!" Iska na fizgar tamfol kamar za ta tafi da mu. Ruwa ya taru a tsakiyarsa, ya yi ciki, ya gangaro ta kusurwata ya shige wuyan rigata har ƙugu. Tela ya buɗe baki sama yana sha. Ma'aikacin banki na dariya yana kabbara a haɗe. Aradu ta fashe a kanmu, muka durƙusa gaba ɗaya, muka sake miƙewa, ba wanda ya saki.

Na tsaya a nan, ni da na san abin da muke yi ba shi da amfani, na riƙe kusurwata da iyakar ƙarfina. Kwata ta cika ta tumbatsa, jan ruwa na gudu a kan ƙafafunmu. Wata biyu muna jan laka, ga shi yanzu ana zubar da kogi a kanmu kyauta, ba tikiti, ba agogo. Ban san lokacin da na fara kuka ba, kuma ruwan ya rufa mini asiri.

Kafaɗuna sun mutu lokacin da ƙarar kwano ta fara raguwa. Ruwan bai tsaya ba, ya dai sassauta, wata 'yar ɓaraka ta buɗe a cikin hadarin. Sai muryar Rabi ta taga, muryar da take kiran unguwarzoma da ita idan kai ya leƙo:

"Ya motsa! Malam, ya motsa! Kada ku saki!"

Ba mu saki ba. Alhaji Sule na cewa, "Kun gani? Kun gani?" Daga ciki muka ji ɗakin ya ɗauki ihu, sannan muka ji kukan firinta. Emeka ya ce saura minti uku ne a agogo. Bayan mu mutum biyar suka samu shiga kafin ƙarfe shida, muna riƙe da tamfol har na ƙarshensu. Wasu ba su samu ba, na ga wata yarinya ta ninke tikitinta ta fita cikin ruwa.

Alhaji Sule ya rasu yana da yaƙinin tamfol ɗinsa ne ya yi aikin. Na karanta abin da masana suka ce, na san gajimare ne ya buɗe. Ban taɓa yi masa gardama ba, don ni ma da kusurwata a ciki.

Da na shiga shagon ina ɗigar ruwa, Rabi na riƙe da takardar da hannu biyu. Ga sunanta, ga lambar jarrabawa, ga hotonta a kusurwa, ɗan baƙi-baƙi, da ɗaurin ɗankwalinta a karkace yadda yake. Fuskar nan ta fita ta bayan shagon Emeka, ta ratsa hadarin da ya durƙusar da maza takwas, ta je bayan teku ta dawo. Ta daɗe tana kallonta. Sannan ta naɗe takardar a leda biyu ta cusa a cikin zane.

Ta zauna jarrabawar bayan kaka, ta samu kiredit ɗinta, mafi ƙanƙanta da ake bayarwa, ta yi aikinta har ta yi ritaya da kanta. Amma a yammacin nan ba mu san wannan ba tukuna. Muna tafiya gida ne kawai, takalma a hannu, ruwa har idon sawu, kwaɗi sun fara kiran juna. Na kasa riƙe abin a cikina, na faɗa mata sharaɗin da na saka a fili da safe. Ta tsaya a tsakiyar hanya ta dube ni.

"Malam! Allah kake ba wa lokaci kamar ɗan aji?"

Na ce na tuba. Sannan na tambaye ta ita me ta roƙa, tunda aikinta ne a kan layi.

"Ruwa mana," ta ce, ta ci gaba da tafiya. "Rajista ai ka riga ka biya kuɗinta. Ban san a wurin mutanen nan sai an biya kuma a roƙa ba."